DANDALIN 'YAN MATA: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

  

Cikin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata, akwai ta wata ɗalibar sakandare daga Gumel wadda ta tsaya mini a rai. Ta ce yayarta na da cikin fari wata bakwai, amma yau kwana goma ke nan ba sa ga maciji da mijinta, har ta fara maganar yaji. Ba wani abu ya haɗa su ba sai kayan jariri. Ita tana so a cika mata akwati irin wanda aka cika wa ƙawarta, shi kuma ya ce ƙarfinsa bai kai ba. Shi ne ɗalibar take tambaya, wai Anti, shawul nawa da riguna nawa ya kamata a saya don yayarta ta fita kunya ranar suna?

To 'yata, zan ba ki amsa. Amma ki bari in fara ba ku labarin wata wauta da ni Antinku na taɓa tafkawa da hannuna, wadda har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kamar yadda wasunku suka sani, ni mutuniyar Ɗanzomo ce ta ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, aure ne ya kai ni Kano. Wata shekara da hunturu ƙanwata ta koma gida goyon ciki. Duk wadda ta san ƙasar Gumel ta san sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne, iskar nan da ke kaɗowa daga wajen Damagaram babu abin da ke tare ta, da asuba ko ruwan randa ba ka iya taɓawa. Cikin wannan sanyi ta sauka, kafin watanta ya cika, aka samu ɗa namiji ɗan mitsitsi da shi.

Da labari ya same ni, sai na ce lallai sai na kece raini. Na shiga kasuwa na zaɓo wani farin shawul mai ƙyalli, an zagaye bakinsa da leshi, ga 'yan duwatsu an liƙa. Na haɗa da riga da wando masu santsi da wata hular leshi mai ɓula-ɓula. Kuɗin adashina kaf a nan suka ƙare. Na isa gida ana gobe suna, na tarar da yaron a naɗe cikin wani tsohon zanen kakarmu Iya, wanda ya sha wanki har ba a gane zanen da ke jikinsa. Na ce, "Haba Iya, wannan tsumma fa? Gobe dangin ubansa za su zo, ai sai su raina mu."

Iya ta shafa shawul ɗin nan da hannu, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke 'yar birni, wannan ai kyan ɗan maciji ne. Angon nawa za ki sa a leda?" Muka yi dariya, na ce tsufa ne.

Washegari da safe aka raɗa suna, aka yanka ragon da uban yaron ya sayo a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wanzami ya zo ya aske wa yaro kai tas. Aka yi masa wanka, na karɓe shi na shirya shi cikin kayana. Da mata suka taru sai yabo ake ta yi, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, daga ɗaki zuwa rumfa, daga rumfa zuwa tsakar gida, har la'asar sakaliya. Ni kuwa sai fankama nake. Ya yi fitsari, rigar ba ta tsotse ba, lemar ta kwanta masa a jiki, babu wadda ta lura. Da ya yi shiru sai muka ce yaro ne mai haƙuri.

Bayan magariba mai jego ta ba shi nono ya ƙi kamawa. Aka taɓa shi, kukan ma da ƙyar yake fita, kamar na ɗan mage. Iya ta kama tafin ƙafarsa, ta sa bayan hannunta a cikinsa, sai na ga fuskarta ta canja. Ba ta ce da kowa komai ba. Ta tuɓe masa kayan nan nawa ta watsar gefe, ta ce da ƙanwata ta ɗaga rigarta, ta kwantar da shi a tsakanin ƙirjinta, jiki da jiki, ta ɗaure su da tsohon zanen nan, ta yafa masa wani ƙyalle a kansa, sannan ta lulluɓe su da gwadonta. Sai ta juyo ta ce da ƙanenmu, "Tashi ka nemo mota, Gumel za mu."

Wallahi ban taɓa jin nisan hanyar nan ba kamar daren nan. Da muka isa asibiti malamar da ta karɓe mu ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta ce sanyi ne ya shige shi. Ta tambaya wa ya ɗaura shi a ƙirjin uwarsa, aka nuna Iya. Ta ce, "Baba, Allah Ya saka miki da alheri, abin da za mu fara yi ke nan." Kwana uku muka yi aka sallame mu. Yau yaron nan yana firamare, ya fi kowa ƙiriniya a gidan. Shawul ɗin kuwa yana nan a ƙasan akwatina, na ƙi kyautar da shi don kada in manta.

'Yan uwa, ga abin da ban sani ba a lokacin. Jariri ba ƙaramin babba ba ne. Kansa babba ne in aka gwada da jikinsa, don haka ɗumi mai yawa ta kai yake fita. Fatarsa siririya ce, kitsen da ke ƙarƙashinta kaɗan ne, kuma ba ya iya karkarwa kamar mu don jikinsa ya ɗumama. In bakwaini ne ko mai ƙaramin nauyi, abin ya fi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5, in ya sauka ƙasa da haka to akwai matsala. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda a duniya. Dalilan suna da yawa, amma sanyi yana cikin abubuwan da ke ƙara kayar da jariri mai rauni, alhali kuwa shi ne ya fi sauƙin magani. Ashe tufar jariri ba ado ba ce, garkuwa ce.

Iyayenmu na da ba su san digiri ba, amma sun san zane. A zamanin ƙuruciyar su Iya, mace ita ke gurje audugarta, ta yi shiɓa, ta ɗauki mazari da alli ta yi kaɗi, a kai wa masaƙi. Daga nan ake samun gwado da luru na rufa, da saƙi, da majanyin da ake ɗaure goyo. Mai neman baƙi sai ta kai marina. Amma sabon saƙi yana da kaushi, don haka ba shi ake naɗe jariri da shi ba. Tsofaffin zannuwan uwa da na kaka ake tarawa, waɗanda suka sha wanki suka yi laushi, a wanke a shanya a rana, a yayyaga. Wani na goge jiki, wani na naɗewa, wani na ƙunzugu. Abin da muke kira tsumma muna yatsina fuska, shi ne zallar auduga mai shan lema, mai barin fata ta sha iska. Ga kuma goyo, yaro yana manne da jikin uwarsa yini guda yana ɗibar ɗuminta.

Ba wai na ce komai na da daidai ne ba. A da, da an yanke cibiya sai wanka, ko da tsakar dare ne, ko da hunturu ne. Yanzu likitoci sun ce a goge jariri sarai da busasshen zane, a ajiye wannan jiƙaƙƙen a naɗe shi da wani, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a jinkirta wankan farko har sai ya yi awa 24. Akwai kuma kunyar ɗan fari da ke hana yarinya tanadar komai kafin haihuwa, wasu ma har suna camfa abin. Kunya ado ce, amma naƙuda ba ta sallama. In ke kina jin nauyi, Inna ko Goggo ko yayarki ta ajiye miki.

Daga baya yadin kanti ya shigo. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, atamfa da farin yadi na audugarmu suka wadata har ƙauye. A nan ne kuma aka san nafkin na tawul da ake maƙalewa da fil, da yadin nan mai laushi da ake ce wa filanel, wanda har yau in kin je awon ciki za ki ji ana lissafa shi cikin kayan haihuwa.

To mene ne filanel? Asalinsa daga yankin Wales na Birtaniya ne, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana saƙa shi da gashin tumaki. Daga baya aka koma yin sa da auduga don ya yi araha. Sirrinsa ɗaya ne: bayan an gama saƙa sai a bi ta kansa da wani irin buroshi a tayar masa da gashi. 'Yan gasun nan su ke riƙe iska a tsakaninsu, iskar kuma ita ke tsare ɗumin jiki. Kun ga ke nan abin da wanki na shekara da shekaru ya yi wa zanen Iya, shi ne inji yake yi wa filanel a rana ɗaya. A asibitocin Amurka ma, da duk arzikinsu, abin da ake fara naɗe jariri da shi wani ɗan bargon auduga ne fari mai ratsin shuɗi da ruwan hoda, ba leshi ba dutse.

Amma filanel yana da haɗarinsa, ku saurara da kyau. Gashin nan nasa yana saurin kama wuta. A Ingila a farkon shekarun 1900 yara da yawa sun ƙone saboda rigunan barci na filanel da suka taɓa wutar murhu, har sai da dokar yara ta 1908 ta tanadi hukunci ga wanda ya bar ƙaramin yaro a ɗaki da wuta babu kariya har ya ƙone. Mu kuma da hunturu mun saba shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego. Don Allah a nisanta shi da shimfiɗar yaro da igiyar shanya, kuma kada a rufe ƙofa da taga a kwana da shi. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Yau zamani ya sake juyawa. Yawancin masaƙunmu sun durƙushe, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta tsayar da aiki a 2007. In kin shiga Kantin Kwari yanzu, kaya da yawa daga Sin suke zuwa, a ciki akwai nagari na auduga, akwai kuma na roba. Har atamfa akwai ta roba, har filanel ɗin ma akwai na roba. Shi yadin roba ba ya shan lema. Da bazara ya hana fata shan iska, yaro ya yi ta gumi, ƙuraje su feso masa a wuya da matsematsi. Da sanyi kuma in ya jiƙe sai lemar ta kwanta a jikin yaro, kamar dai yadda ta faru da ɗan ƙanwata.

Ga yadda za ki gane. Ki ɗiga ruwa a kan yadin, in auduga ce da ta sha wanki za ta tsotse nan take, in roba ce sai ki ga ruwan ya tsaya ko ya gangare. Ko ki zare ɗan zare daga gefe ki kai shi bakin ashana, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri, tana warin leda. Sannan ki shafa yadin a kumatunki, abin da ya soke ki to ya fi sukar jariri.

Dabarar nan kuwa da Iya ta yi, ashe har suna gare ta a wajen likitoci. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben ɗumama bakwaini suka yi kaɗan, sai wani likita, Edgar Rey Sanabria, ya fara sa iyaye mata su riƙa ɗaura jariransu a ƙirji, jiki da jiki. Aka sa wa abin sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai goyon ɗanta a aljihun cikinta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yi wa bakwaini da masu ƙaramin nauyi haka tun daga haihuwa. Ana barin yaro da ƙunzugu da hula da safa, a tsayar da shi tsakanin nonon uwa, a juya fuskarsa gefe don ya yi numfashi, a ɗaure da zane. Uba ma yana iya karɓa, kaka ma haka. Kuɗinsa nawa? Zane ɗaya.

Yanzu 'yata ta Gumel, ga amsarki. Ki karanta wa yayarki:

1. Zannuwan auduga masu laushi kamar shida, ko filanel ne ko tsohuwar atamfa. Biyu daga ciki a naɗe su daban don ranar haihuwa, ɗaya na gogewa, ɗaya na naɗewa.

2. 'Yan riguna na auduga huɗu zuwa shida, masu buɗewa ta gaba, marasa duwatsu da igiya a wuya. Kada a tara da yawa, wata biyu ya yi musu girma.

3. Hula biyu ko uku masu rufe kunne, da safa. Ku 'yan makaranta da kuka iya kwarashi, ga inda za ku nuna gwaninta. Sai dai zaren da muke kira ulu yawanci roba ne, don haka a sa ta auduga daga ciki.

4. Bargo ɗaya mai ɗan kauri don hunturu, da gidan sauro.

5. Nafkin ko famfas, gwargwadon hali. Kowanne ne a riƙa canjawa da ya jiƙe, kuma a naɗe bakinsa ƙasa da cibiya har ta faɗi ta warke.

Ko sabo ne ko gwanjo daga Ƙofar Wambai, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana kafin yaro ya sa. Gwanjo mai kyau na auduga ya fi sabo na roba, babu abin kunya a ciki.

Sai gargaɗi uku. Na farko, kada a kuskura a sa kafur a akwatin kayan jariri. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido, kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani da kan taɓa ƙwaƙwalwa. In kin ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, asibiti za a nufa. Na biyu, kada tsoron sanyi ya sa a tula masa kaya da zafin Afrilu. Ƙa'idar ita ce, abin da kika sa ya ishe ki, a ƙara masa ɗaya ko biyu a kai. Ki riƙa taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa, in duka da ɗumi to lafiya, in ƙafa ta yi sanyi a ƙara rufa a sa shi a ƙirji, in yana gumi a rage. Na uku, a kwantar da shi a rigingine, kada bargo ya rufe masa fuska. In kuma ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, ko ya yi sanyi ko zafi ƙwarai, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Ki lissafa kayan nan 'yata, za ki ga ba su kai kuɗin shawul ɗina ɗaya ba. Ki ce da yayarki in ji Anti, ta sassauta wa bawan Allah nan. Mijin da ya gaya miki gaskiyar aljihunsa ya fi wanda zai ciwo bashi don a yi masa guɗa ranar suna, bayan kwana arba'in masu bashi su yi sallama. In akwai rarar kuɗi, a ajiye na mota da na asibiti, a saya wa mai jego abin da za ta ci ta samu ruwan nono. Matan da za su yaba akwati, da magariba kowacce za ta koma gidanta, ke za a bari da ɗanki da mijinki. In hali ya samu a sayi na kwalliya ɗaya don hoto, ban hana ba, amma a sa na auduga daga ciki, a rufe kai, kada kuma a yi ta yawo da yaro hannu-hannu cikin iska.

Iya ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Da aka zo rabon 'yan kayanta, kowa na zaɓar abin da ya yi masa, ni tsohon zanen nan na roƙa. Da shi na naɗe autata ranar da aka haife ta.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata amarya daga Gagarawa game da zama da uwar miji a gida ɗaya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, amin.

Wassalam, taku har kullum,
Antinku.